Kiɗan Aike

A Mai Wurno, bayan isha'i,
in injin ban-ruwa ya yi shiru a bakin Nilu,
nakan rufe ɗaki, in jingina katifa a taga,
in toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo
don kada kukan jakin Attahiru ya shiga aikin mutane.
Sau biyu ya shiga. Sau biyu aka dawo min da aikin.

Wanda ya ɗauke ni yana Jidda.
Sa'adu sunansa, ban san fuskarsa ba,
sai Hausarsa mai gaurayen Larabci irin tawa,
sai waƙarsa da ya aiko tsirara, ba kiɗa,
da wani ƙwas-ƙwas da ke buga min a kunne
kamar ɗigon rufi a cikin kwano.
Ya ce, Baba Jatau, wannan za ka bi,
kada ka riga shi, kada ya riga ka.

Shekara arba'in kalangu na hammatata,
ban taɓa bin ɗigo ba.
Ƙafa nake bi:
in mai rawa ya taka, in ba shi ƙasa,
in ya gaji, in sassauta tsarkiya ya huta.
Yau ba ƙafa, ba guɗa,
sai jikata Furera riƙe da waya,
ta danna jan maɓalli, ta ɗaga min yatsa.

Na buga sau tara.
Na farko, wai na yi gaggawa.
Na huɗu, wuta ta ɗauke.
Na shida, tari ya kama ni.
Na tara Furera ta hau soro da shi
tana laluben sabis kamar mai neman wata,
ya haye Bahar Maliya kafin shayina ya huce,
tekun da kakana ya mutu bai gani ba.

Kuɗin ma ta wayar suka zo,
ƙara ɗaya, ɗil, shi ke nan.
Ba wanda ya liƙa min a goshi.
Na shafa goshin duk da haka.

Amma na yi wata ɓarna, bari in faɗa.
Can wajen da mawaƙin ke jan numfashi
hannuna ya ƙwace, ya buga taken Sarkin Fawa Ɗandada,
wanda ubana ke yi masa kiɗa a mahauta
tun ina riƙe masa makaɗi.
Bugu bakwai ne kawai. Na ce ai za su yanke.

Kwana goma, shiru.
Na ce da Furera, ciniki ya mutu.

Ran Laraba sai ga saƙon murya,
ba ta Sa'adu ba, ta wata tsohuwa,
ana jin fanka na juyawa a bayanta.
Ta ce, wane ne ya kira ubana?
Ina tsintar shinkafa, yaron nan ya kunna abinsa,
na ji an ce Ɗandada, mai wuƙa ba ya rowa.
Ina 'yar shekara tara aka haye da ni,
tun ranar ba wanda ya kira shi haka.
Sai ta yi shiru, fankar na ta juyawa,
har saƙon ya ƙare ba ta ƙara kalma ba.

Sa'adu ya rubuto daga baya:
wajen nan ya sauka daga kan ɗigo kaɗan,
amma kaka ta hana a taɓa.
Akwai wasu waƙoƙi uku, nawa za ka yi?

Na shafa wa fatar mai, na ja tsarkiya.
Furera, je ki ce wa Attahiru
ya ɗaure jakinsa can bayan masallaci.