Lissafi a Ƙofar Gidan Karta

Ni ɗan canji ne a Tudu.
Shekara goma sha tara ina lasar yatsa ina ƙirga kuɗin wasu.
Ban taɓa sayen dala ido rufe ba,
kujera ce zan saya a duhu?

Mumuni ya jawo ni Osu bayan lisha,
wai gasar foka ce, sidi dubu biyu kuɗin shiga,
wanda ya share tebur ya tafi da dubu arba'in.
Yana faɗa yana haɗiyar yawu
kamar mai layin wake da shinkafa a Nima.

Na ce dakata.
Na tambayi yarinyar da ke kan kanta:
cikin dubu biyun nan, nawa ne na masu gida?
Ta ce ɗari uku, tana duban farcenta.
Ɗari uku!
Ni da nake cin ɗan abin da bai kai ya kawo ba a kan dala
ake ce mini mai yankan wuya.

Mutum nawa suka sa suna? Tamanin da ɗaya.
Nawa za a biya? Tara.
Saura saba'in da biyu fa?
Ta yi murmushi. Na ji amsar.

Wanda aka kora, in ji ta, yana iya sake saye.
Ashe mai zurfin aljihu ransa uku,
ni da rai guda na zo.
Kuɗin dole kuma yana hawa duk kwata na awa,
kafin ka karanci fuskar maƙwabcinka
ruwa ya kai maka wuya,
sai ka tura komai ka runtse ido.

Na leƙa ciki.
Wata mata, an ce daga Kumasi take,
tana jera kwabban roba da yatsu uku
ba ta ko kallonsu.
Na san wannan hannun, irin nawa ne a kan takardar ɗari.
Ita aiki ta fito,
ni yawon buɗe ido.

Sai asuba za a tashi, in ji Mumuni.
Wa zai buɗe mini shago?
Ga mai gidan haya na jiran kuɗin shekara biyu,
ga Zuwaira ta ce injin ɗinkinta ya fara tari.
Ban ma kai ga abin da Malam Bawa zai ce ba,
lissafi ya riga wa'azi isowa.

Mumuni ya shiga. Na juya.
Na sayi tsiren sidi ashirin a bakin titi,
na hau motar Nima ta ƙarshe,
kuɗina cif a aljihun ciki, na taɓa sau biyu.

Amma don Allah kar ku gaya wa kowa:
muna wuce shataletale
tafin hannuna bai daina ƙaiƙayi ba.
Da na zauna, aka miƙo mini sarki biyu fa?