Ɗumin Hawa na Huɗu

Ƙarfe biyar na asuba bututun ɗumi yakan buga,
ƙwas, ƙwas, kamar baƙo mai neman iso.
Na san hannun da ya tashe shi.
Radim ne, can a ƙarƙashin ƙasa,
yana ɗura wa murhun ginin nan gawayi da shebur,
shi da ya shekara goma sha tara yana koyar da Girkanci
a ofishin da ke kallon nawa, a jami'ar Brno.

Ni ban kore shi ba. A rubuta wannan.
Takarda aka zagaya da ita a ɗakin taro,
sunaye talatin da ɗaya sun riga ni,
nawa ya zama na talatin da biyu.
Me cokali ɗaya zai ƙara wa kogi?
Da na ƙi, da yau shebur biyu ne a ƙasa,
kujera biyu a sama ba kowa,
ko a ɗora musu jahilai masu jan kati.
To wa zai buɗe wa yara tsofaffin littattafai?

Haka nake gaya wa Milada
in ta yi shiru a kan kwanon miyar kabeji.
In kiɗa ya sauya, na ce mata, rawa ma sai ta sauya.
Tarihi ba ya tambayar kowa kafin ya taka.
Ubana ya mutu da ƙurar masaƙa a ƙirji,
ba likita, ba fansho.
Yau Vendula tamu tana karatun likita, kyauta.
Wannan ba ƙarya ba ce.
Abin da ke hana ni barci ke nan: ba duka ne ƙarya ba.

Ɗan Radim kuma yana gyaran layin taragu.
Takardarsa ta neman makaranta ta ɓata, in ji su. Sau uku.

Ina da dabara, kada a raina ni.
Kowace maƙala nakan buɗe ta da kirarin Jam'iyya,
layi huɗu, kamar kuɗin ƙofa.
Sai can a shafi na tara
in binne jimla guda mai kaifi biyu,
wadda mai hankali zai gani ya gyaɗa kai.
Mai tace rubutu bai taɓa kama ta ba.
Shekara takwas ke nan.
Ba wanda ya taɓa kama ta, ko mutum ɗaya.

Littafina na gaskiya yana cikin aljihun tebur,
ƙarƙashin rasiɗan haya.
Jiya na ƙirga shi: shafi goma sha ɗaya.
Na karanta, sai na ji muryar wani saurayi
da ba zai gaishe ni ba in mun haɗu a hanya.

An ce in shirya, akwai taro a Vienna,
fasfo zai fito ranar Talata.
Wani mai toka-tokan kwat zai so mu sha shayi in na dawo,
hira kawai, wa ya ce me.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran.

Ranar Lahadi muka yi kiciɓis a matakala.
Baƙi ya shige masa ƙarƙashin farce,
littafi ya leƙo daga aljihun rigar aikinsa.
Na tanadi jawabi tun shekara takwas,
hujja bisa hujja, kamar tubali.
Ya ɗaga hula ya ce,
“Ctibor, ɗumin yana kaiwa sama kuwa?”
Ba gatse a muryarsa. Na nema, ban samu ba.
Na ce, “Yana kaiwa.”

Daren nan na murɗa makunnin, na kashe.
Na zauna cikin kwat, ina kallon numfashina,
dusar ƙanƙara tana lulluɓe jan tauraron da ke kan tasha.
Na ce bari in ɗanɗana abin da ya dace da ni.

Minti arba'in na yi.
Yatsuna suka ƙi riƙe alƙalami,
ga maƙala ana jira da safe.
Na tashi na kunna.
Bututun ya buga sau biyu,
ɗumin ya hawo, bai tambaye ni komai ba.