Da Sauƙi

Saƙo miliyan tara muka zuba wa na'ura.
An goge sunaye, an goge lambobi,
saura tsaba, kamar gero bayan shiƙa.
Muka ce ta auna mana damuwar Sakkwato.

Da can takarda nake ɗauka,
in bi Mabera gida-gida da tambaya ashirin,
in samu mutum arba'in, rabinsu don kunya suka amsa.
Yau gari duka na cikin kwamfutar Jabbi,
tana huci a Dundaye, fanka na yi mata fifita.

Ta ga abin da ban taɓa gani ba.
Ta san ƙarfe ukun dare na bazara,
in an ɗauke wuta, zafi ya kori barci,
Runjin Sambo na farke, yatsu na motsi.
Ta san saƙo na gajarta in albashi ya makara.
Ranar da albasa ta yi kwantai
ta ga kalmar bashi ta cika ta batse
kamar Rima a tsakiyar damina.

Sai ta yanke hukunci:
mutanen garin ga hankalinsu kwance yake,
kashi tamanin da bakwai cikin ɗari.
Jabbi har ya fara rubuta rahoto.

Na ce a buɗe mini jerin kalmomin.
Lahiya lau.
Mun gode Allah.
Da sauƙi, sau dubu ɗari huɗu,
duk ta jera su a layin farin ciki.

Na tuna Baba a gadon asibiti,
ƙafa ta kumbura, ko kunu ba ya wucewa.
Na ce, "Baba, ya jiki?"
Ya ce, "Da sauƙi, Hajo."
Kafin assalatu muka ja masa mayafi.
Daren nan ni ma abin da na tura wa yayana ke nan.
Ƙila yana cikin miliyan taran,
ɗigo ɗaya tsakanin masu murna.

Ban kashe na'urar ba, ba ta yi ƙarya ba,
abin da muka faɗa ta ƙirga.

Gobe zan tafi Kwalkwalawa wurin Inna Ige,
ita ko waya ba ta riƙewa.
Zan gaishe ta, ta ce lahiya lau,
in zauna har furar ta ƙare,
har ta kalli ƙasa ta ja numfashi.

Wannan shirun nake son koya wa na'ura.
Ban dai san ta wace ƙofa zan shigar da shi ba.