Agogon Arzika

A Yelwa, bakin tashar jiragen ruwa,
inda ƙarnin kifi ke shiga har akwatin gyarana,
Arzika ya ajiye agogo kan teburi
kamar mai ajiye ƙwai.

Na maƙala madubi a ido.
A gefe, saitin ƙarfe tara, ga wata 'yar ƙusa,
ba ta juya lokaci, ba ta juya kwanan wata.
Na ce, wannan fa, ado ce?
Ya ce, Cindo, bawul ne. Nan yake numfashi.

Shekara sha ɗaya yana walda a gindin teku,
can kudu, ƙarƙashin bututun mai.
Wata guda cur a tankin ƙarfe
suna shaƙar hiliyam, murya ta koma ta agwagwa,
ƙato ya yi sallama, a fashe da dariya.

Iskar nan, in ji shi, ta fi tsegumi sanin hanya.
Robar da ta tare teku
ba ta ko ganin wucewarta.
Ta kutsa, ta zauna tsakanin allurai,
ba ta ɓata komai muddin ana ƙasa.

Hawa ne wahala.
Sauka yini guda, hawa kwana biyar.
In matsin waje ya sassauta, na ciki ya kumbura,
ya nemi ƙofa, ya rasa.
Ya ga gilashin agogon wani ɗan Warri
ya yi tsalle, tas, ya daki rufin tanki
kamar murfin kwalbar lemo.
Nasa kuwa, 'yar ƙusar ta ɗaga kai,
ta yi ɗan tsaki, ta koma.

Na buɗe bayansa. Ba ruwa, ba tsatsa,
maiko ne kawai ya bushe.
Na ce ya dawo jibi.

Bai tashi ba.
Yana kallon Kwara, yara na nutso bayan jirgin albasa.
Ya ce su huɗu suka sauka, wata damina,
uku suka hau.
Shi ya riƙe igiyar Bagudu har ta yi sako-sako.
Shekara shida da dawowa, ko matarsa ba ta ji ba.
Ya faɗe shi nan, tsakanin matattun batura da tsofaffin maɗauri,
kalma, shiru, kalma,
har aka kira la'asar.

Ban ce komai ba.
Na ɗiga mai, na rufe, na kara a kunne.
'Yar ƙusar na bar ta yadda take.