Kwantai

Arba'in na saro, cif,
ranar da kuɗin shinkafar fadamata suka shigo hannu.
Yaron kamfani ya kafa guda a bakin tashar Jega,
wani faifan ƙarfe mai ƙyalli, faɗinsa ya kai tabarma,
ya juya fuskarsa ga rana, ya ɗora tukunya a tsakiya.
Ba itace, ba gawayi, ba ashana.
Kafin mai shayi ya gama ba da canji ruwa ya tafasa.
Wani tsoho ya tsoma yatsa don ya ƙaryata,
ya fiddo shi yana salati.

Na ce, Arzika, yau sunanka ya bi ka.
Rana ce jari, kuma a ƙasar Kabi
wa ya taɓa sayen rana da kuɗinsa?

Sha ɗaya suka fita a makon farko.
Sai ga Tumba mai ƙosai da nata a ka,
ta dire shi a ƙofar shago, ko sallama babu:
"Mi za ni yi da wanga abu?
Da asuba nika suya, rana ba ta fito ba.
Da marece nika tuwo, rana ta tafi gida.
Ko so kake in koya ma maigidana cin tuwo da azahar?"
Matar Nomau ta aiko cewa yana kashe mata ido,
ita kuwa ba ta iya tuƙi ido rufe ba.
Na Anaruwa, bunsuru ya ga ɗan'uwansa a ciki,
ya ja da baya, ya kai masa karo.

Sannan damina ta sauka.
Hadari ya yi zaman dirshan a kan gari,
wake ya wuni a tukunya yana kallon sama.

Na buga lambar da ke jikin kwali,
wata murya ta ce babu mai wannan lamba.
Yaron kamfani, an ce, yana Yawuri yana sayar da maganin ɓera.

Ba su kaɗai ba ne a shagona.
Can ƙasan kanta akwai waya shida masu majigi,
da kan haska fim a bango, dukan unguwa ta taru.
Batirinsu ya mutu, duk faɗin kasuwa babu irinsa.
Akwai hula mai fanka a goshi,
wadda kowa ya gwada, ya yi dariya, ya ajiye.
Amma waɗannan ban ji zafinsu ba.
Faifan nan ne ke hana ni barci,
don bai yi mini ƙarya ba.
Abin da aka ce zai yi, yana yi.
Shekaranjiya Ige ta jingine ɗaya a tsakar gida tana shara,
kafin ta juyo ya huda mini babbar riga a kan igiya,
rami kamar bakin ludayi, gefensa baƙi.

Talatin da biyu suka rage, har da waɗanda aka maido.
Ɗaya muna shanya kuɓewa a kai, a kife.
Ɗaya ya zama murfin rijiya.
Mai gwangwan ya zo da sikelinsa,
ya taya kilo-kilo, kamar ƙarfen tsohon gado.
Na ce ya dawo bayan salla.
Salla uku ke nan yana dawowa.

Wani lokaci, in kasuwa ta yi sanyi da tsakar rana,
nakan fiddo guda, in goge shi da hannun riga,
in ɗora butar shayi.
Yara su kewaye ni, manya su tsaya daga nesa.
Ruwa ya tafasa.
Kowa ya ce, ikon Allah.
Ɗiyar Tumba ta wuce ta gabanmu
da ƙullin gawayi na ɗari biyu.