Ja da Ja, Baƙi da Baƙi

Batir biyu a cikin kwale-kwalenmu a dam ɗin Ajiwa:
nawa sabo, ko ledarsa ban ɓare ba,
na Baba kuwa gishiri ya cinye kawunansa.

Sada rewaya ya tsuguna da sifana:
"Ka ɗaura jan wannan a baƙin wancan,
kamar raƙuma a igiya guda,
ƙarfi ya ninka, ashirin da huɗu.
Injinka na sha biyu ne,
zai yi ƙauri tun kana gaɓa.

Ja da ja, baƙi da baƙi,
shanun huɗa ke nan a karkiya:
ba gudu, sai juriya.
Amma tsoho zai tsotsi sabo,
ko cikin dare, kana barci."

Na hango Baba kan tudu,
yana ɗinkin koma, hannu na rawa.
Ni shekara nawa na yi ina tsotsonsa?

Na ce, "Sada, ɗaure noti."

Farfela ta juya shiru,
ko tarwaɗa ba ta farka ba.
Kafin la'asar wuta ta ƙare.
Da filafili na dawo, da karfasa bakwai,
kafaɗa na zogi.
Har yau ban kwance wayar ba.