Gardama a Fadar Bagalam

Bayan la'asar, a fadar Bagalam,
rediyon Nomau ta ce a wata ƙasa mai nisa
sojan baƙi sun yi ruwan wuta
kan layin masu jiran burodi.

Sahabi, tsohon soja, ya kurɓi shayi:
"Yaƙi ba ya tambayar suna.
Mai cire ƙaya dole ya taɓa nama.
Da ba su zo ba, da ƴan gida sun cinye juna."

Nomau tela ya ciji zare ya tofar:
"Wa ya aika musu goro?
Baƙon da ya kwana da bindiga a zaurenka
ya ce gadinka yake,
kai ne mai gida ko shi?"

"Sun ce kuskure ne."

"Ni kuskurena, in ɗinka aljihu a baibai,
in farke in sake.
Wa ya taɓa warware likkafani?"

Hajo mai ƙosai ba ta tanka ba.
Ta dubi yaran da ke layi gaban kaskonta,
kowa da dala biyar a tafi,
ta ƙirga su,
ta sake ƙirgawa.

Shayi na uku ya huce.
Sahabi ya kashe rediyo,
hannunsa na rawa.